Muhammadu Korau: Sarkin Da Ya Haɗa Garuruwa Suka Zama Birni

A wannan fitowa za mu kawo maka tarihin Muhammadu Korau, wanda ake lasaftawa Sarkin Katsina na farko Musulmi. Ya yi zamani a ƙarni na 9 na Hijira, watau ƙarni na 15 na Miladiyya. Masana tarihi suna sanya mulkinsa wajen 1445 zuwa 1495, ka ga ke nan ya yi zamani da Muhammadu Rumfa na Kano.

Kafin mu shiga labarinsa, sai ka fara sanin yadda ƙasar take. A da can babu wani birni guda mai iko da kowa. Mutum zai sari daji ya kafa gida, 'ya'ya da jikoki su yawaita, gida ya zama unguwa, unguwa ta zama ƙauye. In wurin yana da ruwa, da ƙasar noma, ko tama ta ƙira, ko dutsen fakewa, sai baƙi su yi ta sauka, maƙera da masaƙa da fatake, har a wayi gari ba dangi ɗaya ne ke zaune ba. To, daga nan ya zama gari, sai an sami shugaba wanda kowa zai bi ba don jini ba. Haka garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo suka taso a nan kudu, ƙasar laka mai dawa da auduga. A arewa kuwa akwai Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, mazaunin sarakunan Durɓawa.

Shi Korau mutumin 'Yandoto ne, tsohon garin malamai da fatake da ke kusa da Tsafe, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Ashe ka ga maƙwabcinmu ne. Ruwayar baka ta ce a wancan lokaci da kokawa ake neman sarauta, kuma Sarki Sanau, na ƙarshen Durɓawa, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Korau ya kayar da shi ya kashe shi, aka ce da taimakon matar Sanau wadda ta tona asirin layunsa. Takobin nan Gajere, da ke cikin kayan sarautar Katsina, da wannan rana ake danganta shi.

Amma fa kada kokawa ta ɗauke maka hankali, babban aikin yana gaba. Korau ya kafa fadarsa a inda Birnin Katsina yake yanzu, mahaɗar hanyoyin fatake masu zuwa daga Agadas da masu fitowa daga yamma, irin su Wangarawa. Ya sa masu garuruwa suka bi sarki ɗaya. Durɓawan da ya karɓi mulki a hannunsu bai kore su ba, aka bar musu sarautar Durɓi, har ta shiga cikin masu zaɓen sarki. Musulunci kuma ya shiga fada, malamai suka sami gindin zama. Ruwaya tana danganta Masallacin Gobarau da zamaninsa, kuma a ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu Al-Maghili ya ziyarci Katsina. Sarakunan da suka biyo baya, kamar Ali Murabus, su suka ƙara wa birnin ganuwa.

Zuriyar sarautar da ya kafa ta daɗe sama da shekara 300, sai a 1807 lokacin jihadi Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, tsofaffin sarakuna suka koma suka kafa Maraɗi. Duk da haka fadar Sarkin Katsina Gidan Korau ake kiranta. Tsarin haɗa manyan ƙasa a fada ma bai mutu ba: Durɓi na Mani, Ƙaura na Rimi, 'Yanɗaka na Dutsin-ma, Galadima kuwa ga shi nan Malumfashi.

To, ɗan'uwa, mene ne darasi? Ganuwa ba ita ke yin birni ba, daga baya ta zo. Abin da ke yin birni shi ne mutane masu asali daban-daban su yarda da kasuwa ɗaya, masallaci ɗaya, hukunci ɗaya. Dubi Funtuwa mana: jirgin ƙasa da cinikin auduga suka tara baƙi daga ko'ina har ta bunƙasa, Sarkin Maska ma a nan yake zaune. Saboda haka in ka ji ana raba mutane, wai wannan ɗan gari ne, wancan baƙo, ka tuna wanda ya kafa Birnin Katsina shi kansa baƙo ne daga 'Yandoto.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya, amin.