Eduardo Mondlane: Ɗalibin Da Aka Kora Daga Jami'a, Aka Sa Wa Jami'a Sunansa

Da yawa daga cikinmu 'yan makaranta, idan hira ta kai ga abin da za mu yi bayan jarrabawar fita, sai ka ji wani ya ce shi Ingila za shi, wani ya ce Amurka, wani kuwa Masar. Muna zaton da zarar jami'a ta aiko wa mutum da takardar cewa ta ɗauke shi, to shi ke nan magana ta ƙare. Tarihin Eduardo Mondlane, mutumin ƙasar Mozambik, ya nuna cewa ɗalibin da ya je neman ilmi ƙasar wasu yana bukatar yardar jami'a, yana bukatar kuɗi, sa'an nan yana bukatar yardar hukumar ƙasar, kuma ko wanne daga cikin ukun nan ya kuɓuce masa karatu ya tsaya.

An haifi Mondlane ran 20 ga Yuni 1920, a wani ƙauye na gundumar Manjacaze cikin Lardin Gaza, a kudancin Mozambik. Ƙasar a lokacin tana hannun Turawan Fotugal. Ubansa ɗaya ne daga cikin sarakunan ƙabilar Tsonga, amma ya rasu tun yaron yana ƙarami ƙwarai. Saboda haka Mondlane ya tashi yana kiwon dabbobi kamar sauran yaran ƙauye, bai shiga makaranta ba sai da ya kusan shekara 12. Uwarsa ce ta matsa masa ya yi karatu, don ta lura cewa wanda bai san abin da masu mulki suka sani ba, ba ya iya ja da su.

Turawan Fotugal ba su damu da ilmin baƙar fata ba. Makarantun gaba da firamare na 'ya'yan Turawa ne da 'yan tsirarun Afirkawa, kuma akwai ƙa'idar shekaru wadda ta isa ta hana duk yaron da ya fara karatu a makare. Jami'a kuwa babu ko ɗaya a ƙasar sai a 1962. Waɗanda suka riƙe hannun Mondlane su ne 'yan mishan daga ƙasar Suwizalan. Da ya koma babban birnin ƙasar, Lourenço Marques, wanda yanzu ake kira Maputo, wani malaminsu mai suna André Clerc ya lura da basirarsa, ya jawo shi jikinsa. Daga nan aka tura shi makarantar koyon aikin gona ta Cambine, inda ya fara koyon Ingilishi. Wannan harshe shi ya buɗe masa hanya, domin da harshen Tsonga da na Fotugal kaɗai ba shi da inda za shi.

A 1944 ya ƙetara iyaka zuwa Afirka ta Kudu, ya shiga makarantar Lemana a arewacin Transvaal. Ku duba fa, yana da shekara 24 ya zauna karatun sakandare, shekarun da waɗansu sun riga sun gama jami'a. Bai ji kunya ba, ya daure har ya ci jarrabawar da ake nema kafin a shiga jami'a. A 1948 ya yi ɗan zama a makarantar Jan Hofmeyr ta koyon aikin jin daɗin jama'a a Johannesburg, sa'an nan a 1949 ya sami gurbi a Jami'ar Witwatersrand, wadda mutane ke taƙaitawa su ce Wits.

Wits babbar jami'ar gwamnati ce, kuma a wancan zamani tana cikin 'yan kaɗan na ƙasar da ke ɗaukar baƙar fata su zauna aji ɗaya da Turawa, ko da yake yawansu bai taka kara ya karya ba. Ga ɗan makiyayi daga Gaza, shiga wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Ya cika sharuɗɗan jami'a, yana da masu biya masa, ya fara karatun ilmin zaman jama'a, malamai da ɗalibai suna ganin ƙoƙarinsa.

Amma akwai wata takarda wadda ba jami'a ke bayarwa ba. Mondlane baƙo ne, ɗan ƙasar da Fotugal ke mulka, zamansa a Afirka ta Kudu ya dogara ne kan takardar izinin zama wadda ake sabuntawa lokaci lokaci. A 1948 jam'iyyar National ta Daniel Malan ta ci zaɓe, ta fara kafa dokokin wariyar launin fata. Ga irin wannan gwamnati, baƙar fata kuma baƙo a cikin jami'ar Turawa abin ƙi ne. A 1949 sai ta ƙi sabunta masa takardar. Bai faɗi jarrabawa ba, bai karya dokar makaranta ba. 'Yan'uwansa ɗalibai sun yi ta kuka a kan maganar, amma hukuma ta toshe kunnenta. Tilas ya tattara littattafansa ya koma gida tun shekararsa ta farko ba ta kai ƙarshe ba. Bayan shekara goma, watau a 1959, gwamnatin ta yi doka wadda ta hana baƙar fata 'yan ƙasar ma shiga irin waɗannan jami'o'i sai da izinin minista.

A gida ma bai sami sakewa ba. Ya taimaka wajen kafa wata ƙungiyar ɗaliban sakandare Afirkawa mai suna NESAM, sai 'yan sandan Fotugal suka kama shi suka yi ta yi masa tambayoyi. Da suka rasa laifin da za su ɗora masa, sai hukuma ta ga gara ya tafi Fotugal karatu, inda za a sa masa ido, wataƙila ma a rinjaye shi ya zama nasu. A 1950 ya shiga Jami'ar Lisbon, wadda ita ma babbar jami'ar gwamnati ce, da taimakon wata gidauniya ta Amurka mai suna Phelps-Stokes.

A Lisbon takardunsa sun cika, ba wanda ya ce ya fita. Sai dai wata matsala ta daban ta taso. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin kama-karya na Salazar, 'yan sandan ciki kuwa ba su bar ɗaliban Afirka sun sha iska ba, kullum cikin bincike da bibiya. Mondlane ya ga cewa mutum ba ya karatu da hankalinsa a tashe. Duk da haka zaman bai tafi a banza ba, don a can ya sadu da waɗansu samari irinsa, kamar Agostinho Neto na Angola da Amilcar Cabral na Gini Bisau, waɗanda daga baya kowannensu ya jagoranci yaƙin ƙwatar 'yancin ƙasarsa.

A 1951 ya sami tallafin karatu zuwa Amurka, ya shiga Kwalejin Oberlin a Jihar Ohio yana da shekara 31. Wannan shi ne karo na uku da ya shiga babbar makaranta a ƙasa ta uku, kuma a nan ne abubuwan nan uku suka haɗu masa: gurbi, kuɗi, da kwanciyar hankali. Ya sami digirinsa na farko a 1953. Ya wuce Jami'ar Northwestern kusa da Chicago, ya yi digiri na biyu, sa'an nan ya kammala digirin dakta a 1960. A 1956 ya auri wata Ba'amurkiya, Janet Johnson, suka haifi 'ya'ya uku. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda ya fara koyon baƙaƙe yana ɗan shekara 12 ya zama dakta yana da shekara 40.

Tun a 1957 ya kama aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashen da ke lura da ƙasashen da aka ba Turawa riƙon amana. Wannan aiki ya kawo shi maƙwabtanmu, domin yana cikin ma'aikatan da Majalisar ta aika Kamaru ta Ingilishi don ƙuri'ar raba gardama ta 1961. A wannan ƙuri'a ce yankin arewa ya zaɓi haɗewa da Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna. A shekarar kuma ya ziyarci Mozambik bayan ya daɗe rabonsa da ita, jama'a suka yi ta tururuwa don su ga ɗan ƙasarsu da ya kai wannan matsayi. Abin da ya gani na talauci da aikin tilas da rashin makarantu ya tsaya masa a rai.

Ya bar aikin Majalisa ya koma koyarwa a Jami'ar Syracuse. Yana da albashi, yana da iyali, yana da daraja, ba abin da zai hana shi zama a Amurka har ƙarshen ransa. Amma a watan Yuni 1962, da ƙungiyoyin 'yan Mozambik masu gudun hijira suka haɗu a Dar es Salaam suka kafa FRELIMO, sai suka zaɓe shi shugaba, shi kuwa ya amsa. Ya ajiye aikin jami'a ya koma Dar es Salaam. Ran 25 ga Satumba 1964 ƙungiyar ta fara yaƙi da sojan Fotugal.

Abin lura a nan shi ne bai manta wahalar da ya sha wajen neman karatu ba. Shi da matarsa suka kafa wata makaranta a Dar es Salaam mai suna Mozambique Institute, don yaran da suka gudo daga Mozambik su yi karatun sakandare su isa shiga jami'o'in ƙasashen waje. Ya yi ta rubuta wasiƙu da tafiye-tafiye yana nemar musu gurabe da tallafi, kamar yadda waɗansu suka nemar masa.

Ran 3 ga Fabrairu 1969, a Dar es Salaam, aka aiko masa da wani ƙunshi mai ɗauke da littafi. Ashe an ɓoye bam a ciki. Yana buɗewa ya tashi, ya mutu nan take yana da shekara 48. An fi ɗora alhakin kisan a kan 'yan sandan ciki na Fotugal. Littafinsa mai suna The Struggle for Mozambique ya fito a wannan shekara. Bai ga 'yancin ƙasarsa ba, wanda aka samu ran 25 ga Yuni 1975 a ƙarƙashin Samora Machel. A 1976 aka sake wa jami'ar Maputo suna, ta koma Jami'ar Eduardo Mondlane, kuma har yau sunanta ke nan.

'Yan'uwana ɗalibai masu burin ƙetare, da iyayenmu masu niyyar sayar da gona ko shanu don su tura mu, ya kamata mu auna wannan labari. Takardar ɗauka daga jami'a matakin farko ne kawai. Sai an tabbata akwai kuɗin da zai kai mutum ƙarshe, sai an ƙware a harshen da za a yi karatun da shi, sai kuma an san dokar zaman baƙi ta ƙasar, domin gwamnati tana iya sakewa dare ɗaya, dokarta ta sake tare da ita. In kuwa hanya ɗaya ta toshe, Mondlane ya nuna ana iya komawa baya a nemi wata. Sau biyu karatunsa yana yankewa ba da laifinsa ba, a na ukun ya kai gaci, kuma da ya samu bai zauna da shi a can ba, ya komo da shi wurin mutanen da ba su da makarantar zuwa.