Ayrton Senna: gwanin tseren da tayar motarsa ta yi ajalinsa

An haifi Ayrton Senna da Silva ranar 21 ga watan Maris na shekarar 1960 a birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil, a gidan masu hali. Yana ɗan shekara 4 mahaifinsa Milton ya haɗa masa wata ƴar ƙaramar mota ta wasa mai inji. Da ya kai shekara 13 ya fara shiga gasar irin waɗannan ƙananan motoci, a 1977 kuma ya zama zakaran Kudancin Amurka. A 1981 ya tafi Ingila neman sa'a, ya lashe gasar Formula 3 ta ƙasar a 1983, sannan a 1984 ya shiga Formula 1, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya.

Motar Formula 1 kujera ɗaya gare ta, kuma tayoyinta huɗu a waje suke, ba abin da ya rufe su. Wasu siraran ƙarafuna ne ke riƙe kowace taya da jikin motar. Idan suka karye a tsakiyar gudu, tayar kan fice ta yi sama, ta faɗa wa duk wanda ta samu.

Senna ya yi suna ne da tuƙi cikin ruwan sama. A cikin ruwa ya zo na biyu a Monako a 1984, a cikin ruwa kuma ya ci tserensa na farko a Portugal a 1985 da motar Lotus. Bayan ya koma McLaren ya zama zakaran duniya sau uku, a 1988 da 1990 da 1991, a lokacin da hamayyarsa da Bafaranshe Alain Prost ta raba kan masu kallo gida biyu. Jimilla ya ci tsere 41, shida daga ciki a Monako.

Duk da zafinsa a kan hanya, mutum ne mai damuwa da ran abokan sana'arsa. A 1992 a Beljiyam, da direba Erik Comas ya yi hatsari ya suma, Senna ya tsayar da motarsa, ya ruga da ƙafa ya kashe injin, ya tallafe masa kai har likitoci suka iso.

A 1994 ya koma Williams. A shekarar ce hukumar FIA ta hana amfani da na'urar kwamfuta mai daidaita tsayin mota a kan tayoyinta, wadda da ita Williams ta gagari kowa. Sabuwar motar ta zo da wuyar sarrafawa, Senna bai kammala tsere biyu na farko ba.

Na uku shi ne na Imola a Italiya. Ranar Juma'a ɗan ƙasarsu Rubens Barrichello ya yi mummunan hatsari, ya tsira. Ranar Asabar Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya ya mutu. Ranar Lahadi 1 ga watan Mayu, ana tashi motoci biyu suka yi karo, taya da tarkace suka tsallake shinge suka raunata ƴan kallo. Da aka ci gaba, a zagaye na bakwai, motar Senna da ke gudun sama da kilomita 300 a sa'a ta ƙi shan kwanar Tamburello. Ya taka birki, amma ta daki katangar siminti da gudun da ya haura kilomita 200. Tayar gaba ta dama ta cire ta bugi kansa, ƙarfen da ke riƙe ta kuma ya huda hular kwanonsa. An kai shi asibitin Maggiore na Bologna da jirgi mai saukar ungulu, da maraice aka sanar da rasuwarsa yana da shekara 34. A cikin motar an tarar da tutar Ostiriya da ya yi niyyar ɗagawa don tunawa da Ratzenberger. Kafin a gama tseren ma, tayar motar Michele Alboreto ta fice ta raunata kanikawa.

Brazil ta yi zaman makoki na kwana uku, aka binne shi a maƙabartar Morumbi. Shari'a ta ɗauki shekaru a Italiya. A 2007 kotun ƙoli ta ce sandar sitiyarin da aka yi wa gyara ce ta karye, sai dai wa'adin hukunta wani ya riga ya wuce.

Mutuwarsa ta tilasta gyara. An taƙaita gudu a layin kanikawa, an sake fasalin Tamburello, an ɗaga gefen mazaunin direba don kare kai. A 1999 aka wajabta ɗaure kowace taya da igiya mai ƙarfi, don kada ta tsere ko da ƙarafunan sun karye. Igiya ɗaya ba ta wadatar ba, domin tayoyi sun kashe ma'aikatan hanya a Monza a 2000 da Melbourne a 2001, a 2009 kuma wata ta kashe Henry Surtees, ɗan shekara 18, a gasar Formula 2. Daga 2011 igiyoyin sun zama biyu a kowace taya, a 2018 suka zama uku, aka kuma kafa wani ƙarfe mai suna halo a saman kan direba.

Bayan Senna, sai da aka yi shekara 20 kafin wani direba ya sake samun rauni na ajali a tseren Formula 1, wato Jules Bianchi a Japan a 2014. A gida Brazil kuwa, gidauniyar da ƴar'uwarsa Viviane ta kafa da sunansa a 1994 tana ci gaba da tallafa wa karatun ƴaƴan talakawa.