Belding Scribner: Likitan da ya buɗe hanyar wankin ƙoda na dogon lokaci

Ƙoda ita ce matatar jinin mutum. Tana fitar da dauɗa da ruwan da ya yi wa jiki yawa ta hanyar fitsari. Idan ƙoda biyu suka daina aiki, dauɗa takan taru a cikin jini har ta zama guba. A nan ne ake bukatar wankin ƙoda, wato a zuƙo jinin majinyaci, na'ura ta tace shi, sannan a mayar da shi jiki. A birnin Yamai ana yin wannan aiki a asibitin ƙasa na Lamorde. Ɗaya daga cikin mutanen da suka share fagen wannan magani shi ne Likita Belding Scribner.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Scribner a birnin Shikago na ƙasar Amurka ranar 18 ga watan Janairu 1921. Ya yi karatun likita a Jami'ar Stanford, ya gama a shekarar 1945. A 1951 ya kama aiki a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle, kuma a can ya yi sauran rayuwarsa.

Matsalar da ya tarar

Ba shi ne ya ƙera na'urar wankin ƙoda ba. Likita Willem Kolff na ƙasar Holan ne ya haɗa irinta a 1943, kuma a 1945 ta ceci ran wata mata. To amma akwai cikas. Duk lokacin da za a yi wanki sai an tsaga jijiyoyin jini an sa bututu. Bayan ƴan lokuta kaɗan sai jijiyoyin su lalace, a rasa wurin shiga. Saboda haka na'urar tana amfanar wanda ƙodarsa ta tsaya na ƴan kwanaki kawai. Wanda tasa ta mutu gaba ɗaya kuwa ba shi da mafita.

Dabarar da ya kawo

A 1960 Scribner ya yi tunanin barin bututun a hannun majinyaci dindindin. Baki ɗaya yana cikin jijiyar da ke kawo jini, ɗayan yana cikin wadda ke mayar da shi. Idan ba a wanki, sai a haɗa bakunan biyu da wani lanƙwasasshen bututu, jini ya ci gaba da gudana. Injiniya Wayne Quinton ne ya ƙera shi da wata roba mai santsi da ake kira Teflon.

A watan Maris 1960 aka sa wa Clyde Shields, ma'aikacin kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, wannan bututu. Ya rayu shekara 11 bayan haka. Wannan ya nuna wa duniya cewa mutum zai iya rayuwa shekaru da yawa ko da ƙodarsa ta mutu.

An bar yara a baya

A watan Janairu 1962 aka buɗe cibiyar wankin ƙoda a Seattle da gadaje uku kacal. Masu bukata sun fi gadajen yawa nesa ba kusa ba. Sai aka kafa kwamiti na mutum bakwai, waɗanda aka ɓoye sunayensu, domin su zaɓi wanda za a karɓa. Tun daga farko aka ware waɗanda suka wuce shekara 45, aka kuma ware yara. Ana ganin jikin yaro ba zai jure wahalar ba, kuma ba zai yi girma yadda ya kamata ba.

Scribner da abokan aikinsa ba su tsaya nan ba. A 1962 shi da likitan yara Robert Hickman suka bayyana yadda za a yi wa jarirai da ƙananan yara wankin jini. A 1964 kuma aka hana wata yarinya ƴar makarantar sakandare gurbi a cibiyar. Scribner ya haɗa kai da Injiniya Albert Babb, cikin ƴan watanni suka ƙera ƙaramar na'ura da za a yi aiki da ita a gida. Yarinyar ta rayu shekara huɗu da wannan na'ura, tana ci gaba da karatunta.

A wannan jami'a ne kuma, a 1968, Likita Henry Tenckhoff ya fito da wani bututu mai laushi da ake sa wa a ciki. Ta nan ake zuba ruwan magani mai tsabta, tantanin cikin mutum ya tace dauɗa, sannan a zubar da ruwan. Wannan hanya ta fi dacewa da ƙananan yara, domin jijiyoyinsu sirara ne.

Ingancin jinya

Scribner ya nace a kan cewa raya majinyaci kawai bai isa ba, sai ya samu lafiyar komawa aiki ko makaranta. Ya koyar da cewa a ba wanki isasshen lokaci, a rage gishiri a abinci, a kuma riƙa lura da hawan jini. Ya yi adawa da mayar da wankin ƙoda hanyar neman riba. Yana cikin waɗanda suka yi fafutuka har Amurka ta yi doka a 1972, wadda ta sa gwamnati ɗaukar mafi yawan kuɗin wannan magani.

Ga yara, inganci yana nufin kayan aiki daidai da jikinsu. Bututu da matata su dace da nauyin yaro, domin jinin da ke wajen jikinsa a lokaci ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Ana auna nauyinsa kafin wanki da bayansa. Ruwan na'ura ya zama mai tsabta sosai. A kula da abincinsa, da girmansa, da karatunsa.

Ƙarshen rayuwarsa

A 2002 aka ba Scribner da Kolff kyautar Lasker, wadda tana cikin manyan kyaututtukan aikin likita a Amurka. Scribner ya rasu a Seattle ranar 19 ga watan Yuni 2003, yana da shekara 82.

Darasi ga iyaye

A ƙasashenmu, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da gudawa mai ƙarar da ruwan jiki suna cikin abubuwan da ke tsayar da ƙodar yara. Idan kuka ga fuskar yaro ko ƙafafunsa sun kumbura, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya yi ja, ku kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Kada ku ba shi jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin da ake sayarwa a bakin titi, domin wasunsu suna ƙara ɓata ƙoda. Sau da yawa ƙodar yaro takan farfaɗo idan an yi magani da wuri, ko da sai an yi masa wanki na ƴan kwanaki.