Nana Asma'u, Wadda Ta Kai Ilimi Ƙauye

A wannan wata za mu ba da labarin wata mace ta ƙasar Sakkwato wadda ta ga matan ƙauye a cikin duhun jahilci, ba ta kuwa yi shiru ba. Sunanta Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haife ta a Degel a shekara ta 1793. Su tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Gidansu gidan karatu ne, maza da mata, gama Shehu ya kan tsauta wa malaman da su ke koya wa almajirai amma su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san kome ba. Tana da shekara wajen 11 jama'ar ubanta suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha wahalar yaƙi da yunwa tare da su. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin wanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wani wanta kuma, Muhammadu Buhari, shi ne ya zauna a Tambuwal. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuwa yi rubutu da dukansu uku.

Da ƙasa ta soma kwantawa, sai ga wata matsala. Birni yana da malamai da littattafai, amma ƙauyuka cike su ke da mata, waɗansu ma an kamo su ne wurin yaƙi, ba wanda ya kula da koya musu. Matar aure mai goyo ba ta da halin barin gida ta tafi Sakkwato neman ilimi. Malami namiji kuma ba shi da halin shiga gidan wani. To, yaya za a yi?

Ga dabarar da Asma'u ta yi wajen shekarun 1830. A ƙauye a kan sami dattijuwa mai hankali wadda mutanen wurin suka amince da ita. Asma'u ta kan naɗa ta, ta ba ta malfa da jan rawani, a kira ta jaji. Dā malfa alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori, saboda haka mata sun riga sun san girmanta. Jaji ta kan tattara tsofaffin mata da 'yammata ƙanana, su taka da ƙafa har gidan Asma'u. Su ne a ke ce da su 'Yan Taru.

Ba hannu wofi su ke zuwa ba. Su kan kawo hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuwa ta raba wa makafi da guragu da sauran mabukata. Sa'an nan ta koya musu. Da shi ke yawancinsu ba su san baƙi ba, sai ta shirya koyarwarta cikin waƙa mai sauƙin haddacewa, a kan addininsu na Musulunci, da gaskiya, da haƙuri, da kula da marasa lafiya. In sun koma gida su bi gida gida suna koya wa matan da ba su sami zuwa ba. Haka ilimi ya shiga inda malami bai taɓa sa ƙafa ba.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato, kusa da ubanta. Amma aikin bai mutu da ita ba, gama ƙanwarta Maryam ta ɗauke shi ta ci gaba. A can ƙetare ma, sai a 1923 gwamnatin Meziko ta soma aika ƙungiyoyin malamai su zaga ƙauyuka suna koyarwa, watau shekara wajen 60 bayan rasuwarta.

Me ya sa aikinta ya daɗe haka? Domin ba baƙo ya riƙe shi ba. Malamar 'yar ƙauyen ce, guzurin na ƙauyen ne, harshen kuma wanda a ke ji ne a bakin rijiya da wurin daka. Abin da mutane suka sa hannunsu a ciki ba su kan bari ya lalace ba.

Ya ku masu karatu, har wa yau akwai 'yammata a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe waɗanda ba su taɓa riƙe littafi ba. Mu da muka iya karatu, kada mu zauna jiran gini da kujeru daga nesa. Kowace mace da ta san baƙi ta dubi maƙwabciyarta. Inuwar itace da allo guda sun isa a fara.