Paul Ehrlich, 1854–1915: Rayuwarsa da Tambayar da Ya Bari Kan Garkuwar Jiki

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikacin ɗakin gwaji da ya ɗiga rini a kan majinar mai tari a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu, domin neman ƙwayar tarin fuka, sawun Paul Ehrlich yake bi, ko bai taɓa jin sunansa ba. Sai dai babban gādon wannan likita Bajamushe tambaya ce: me ya sa garkuwar jiki, wadda ke hallaka baƙin ƙwayoyin cuta, ba ta juyowa ta hallaka mai ita?

2.0 Haihuwa da Karatu

An haifi Ehrlich ranar 14 ga Maris, 1854, a gidan Yahudawa a garin Strehlen na lardin Silesiya, wanda a yau yake cikin ƙasar Foland. Wani ɗan'uwansa ta wajen uwa, Karl Weigert, shi ya fara nuna masa yadda ake rina tsokar jiki a duba ta da madubin likita. Ya yi karatun likita a Breslau da Strasbourg da Freiburg da Leipzig, ya kammala a 1878 da kundi a kan rini. Abin da ya lura da shi kowane marini ya san irinsa: rini ba ya kama kowane zare daidai. Wani rinin yakan kama wata ƙwayar jini ya bar wata. Da haka ya rarrabe jinsunan fararen ƙwayoyin jini, ya kuma kai ga ra'ayin da ya riƙe har mutuwarsa, cewa sinadari ba ya aiki a jiki sai ya sami wurin da ya dace da shi ya maƙale.

A 1882, bayan Robert Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka a Barlin, Ehrlich ya inganta hanyar rina ta, kuma a kan aikinsa aka gina gwajin Ziehl da Neelsen da ake yi har gobe. Cutar ta kama shi a bakin aiki, ya tafi Masar jinya a 1888, ya komo a 1889.

3.0 Aikinsa Kan Garkuwar Jiki

Da ya murmure sai ya koma kan guba. Ya riƙa ba ɓeraye gubar ƙwayar zurma kaɗan-kaɗan har ta daina kashe su, sannan ya musanya wa jariransu uwaye, ya tabbatar da cewa kariya tana bin nono daga mai shayarwa zuwa abin shayarwa. Shi ne kuma ya fito da ma'aunin ƙarfin maganin mashaƙo na Emil Behring, wanda kafin nan ƙarfinsa ya sha bamban daga kwalba zuwa kwalba. Mashaƙo dai bai zama labari ba a Arewa, domin ya sake ɓarkewa a Kano da Jigawa da maƙwabtansu a 2023.

A 1899 ya koma Frankfurt ya shugabanci cibiyar bincike. A wannan zamani ne shi da Julius Morgenroth suka yi gwajin awaki. Idan aka zuba wa akuya jinin wata akuya, jikinta yakan ƙera sinadaran kariya masu fasa baƙon jinin, amma ba su taɓa fasa nata ba. Ehrlich ya raɗa wa wannan hali suna da Latin, horror autotoxicus, wato ƙyamar jiki ga sa wa kansa guba. Nufinsa shi ne akwai wani linzami a jiki da ke hana garkuwa cin gida, kuma idan linzamin ya tsinke, rai na cikin haɗari.

Akasarin waɗanda suka biyo bayansa sun riƙe sunan sun saki ma'anar, suka ɗauka cewa jiki ba zai taɓa yaƙar kansa ba. Tun a 1904 Donath da Landsteiner suka nuna wata cuta da jinin mutum ke fasa kansa idan sanyi ya taɓa shi, amma aka ɗauke ta a matsayin abin da ba safai ba. Sai a 1956 Noel Rose da Ernest Witebsky suka sa garkuwar zomaye ta afka wa ƙululun maƙogwaronsu. Witebsky kuwa almajirin Hans Sachs ne, mataimakin Ehrlich.

4.0 Ɗaukaka da Rasuwa

A 1908 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Élie Metchnikoff. A 1909, shi da Sahachiro Hata ɗan Japan suka gano cewa sinadari mai lamba 606 yana kashe ƙwayar tunjere, aka fara sayar da shi a 1910 da sunan Salvarsan. Nasarar ta jawo masa suka da ƙazafi, wasu saboda illolin maganin, wasu saboda asalinsa, har magana ta kai kotu a 1914, aka hukunta mai ƙazafin. Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1915, a Bad Homburg sakamakon shanyewar jiki, ya bar matarsa Hedwig da 'ya'ya mata biyu. A zamanin 'yan Nazi an cire sunansa daga titin da ke gaban cibiyarsa, aka mayar bayan yaƙi.

5.0 Linzamin da Bai Gani Ba

Ehrlich ya mutu bai san siffar linzamin ba. A 1995 Shimon Sakaguchi ya tabbatar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne tsawatar wa sauran, kuma ƙwayar gādo mai suna FOXP3 ce ke tafiyar da su. Ƙwayar gādo kamar rubutu take a allo. Jiki yakan ɗora wa wani sashe alamar sinadarin metil ya rufe shi, ko ya cire alamar a karanta shi, ba tare da an sauya harafi ko ɗaya ba. Wannan shi ne fannin efijenetik, kalmar da Conrad Waddington ya ƙirƙira a 1942. Ƙwayoyin tsawatarwa ba sa tsayawa kan aikinsu sai an cire alamar daga wani sashe na FOXP3. A cutar lufus kuwa, wadda ta fi kama mata, alamomin sukan ragu a inda ya kamata su zauna, sai ƙwayoyin faɗa su zarce iyaka.

Linzami na biyu shi ne maikro-RNA, gajerun zarurruka masu haruffa kusan 22, waɗanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka buɗe ƙofarsu a 1993, aka ba su Nobel a 2024. Aikinsu tare saƙon ƙwayar gādo kafin ya zama furotin. Mai lamba 155 yana rura wutar kumburi, mai lamba 146a yana yayyafa mata ruwa, kuma ɓerayen da aka cire wa shi garkuwarsu takan juyo kansu.

Muhalli ma yana da hannu. A 1968 Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi aiki a Zariya, ya lura da ƙarancin irin waɗannan cututtuka a asibitin Ibadan, ya yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro yana sauya halin garkuwa. Likitocin Nijeriya na baya-bayan nan sun nuna cewa lufus da amosanin gaɓɓai suna nan, ganewar ce ta yi ƙaranci.

6.0 Kammalawa

Kalmar Hausa garkuwa tana nuni da abin tare mashin abokin gaba, ba ta ɗauke da ma'anar makamin da zai iya sarar mai riƙe da shi. Mai fassara ilmin lafiya ga mata masu fama da ciwon gaɓɓai a Kiyawa ko Jahun yana buƙatar kalmar da za ta ɗauki ɓangarorin biyu da Ehrlich ya gani a jinin awaki: faɗa da baƙo, da kuma kame hannu daga ɗan gida.