MALAM AMINU KANO: MALAMIN DA YA SO MULKI YA ZO ƘOFAR TALAKA

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar marigayi Malam Aminu Kano, Allah Ya ji ƙansa.

An haife shi a birnin Kano a 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya fara karatun Alƙur'ani a gaban mahaifiyarsa Malama Rakiya, sannan ya yi boko har ya koyar a Bauchi da Maru. A 1950 ya bar aikin koyarwa ya rungumi siyasa, ya zama shugaban jam'iyyar NEPU a 1953.

Me ya dame shi? A lokacin, ragamar komai tana hannun hukumar En'e a birni: 'yan doka, kotu, gidan yari da baitulmali. Manomi a ƙasar Gezawa zai sayar da gyaɗarsa ya biya haraji ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, kuɗi su wuce Kano, shi ko ba shi da ta cewa. Malam ya dage cewa dole talaka ya zaɓi masu yi masa jagoranci, mace ma ta yi ilimi, ta jefa ƙuri'a. Magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala saboda wannan, ciki har da Hajiya Gambo Sawaba.

Allah Ya nuna masa wani ɓangare na burinsa. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya, Gezawa na cikinsu, matan Arewa kuma suka samu damar zaɓe. A 1979 gwamnatin jam'iyyarsa ta PRP ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.

To 'yar uwa, hukuma dai ta matso kusa, jiharmu na da ƙananan hukumomi 44. Amma kusanci kaɗai ba ya haƙa rijiya. Shekara da shekaru kuɗinsu na biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, sai a 2024 Kotun Ƙoli ta ce a ba su kai tsaye.

Saura namu. Asibitin sha-ka-tafi, firamaren 'ya'yanmu da kasuwar ƙauye duk suna cikin haƙƙin ƙaramar hukuma. Shin kin san sunan kansilanku? Mu haɗu a Islamiyya mu rubuta buƙatunmu, mu aika ta hannun mazajenmu da shugabannin ƙungiya. Shugabanci amana ce, tunatarwa kuma aikinmu ne.

Allah Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.