Tuna baya: Kasimu Yero, jarumin da ya sa 'yan Najeriya jin haushin Gaga

Tun kafin a san wani abu wai shi Kannywood, Kasimu Yero ya riga ya zama sananniyar fuska a akwatin talabijin. Bazazzagi ne, amma a Kaduna ya yi zamansa, a nan kuma tauraruwarsa ta haska.

Masu kallon tashar NTA Kaduna sun fi tuna shi da wasan barkwanci na Karambana, inda yake fitowa a matsayin mai shiga sharo ba shanu, wanda karambaninsa kan jefa shi cikin rigima. A lokacin ba kowane gida ke da talabijin ba, don haka yara kan yi dafifi a gidan maƙwabta su jira shi.

Wasan da ya kai sunansa har Kudu shi ne Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980 domin jawo hankalin jama'a ga noman zamani. A yankin Jos aka ɗauke shi, Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗe shi. Labarin Bello ne, wanda ya baro birni da iyalinsa ya koma ƙauye noma. Kasimu ya fito a matsayin Gaga, ɗan'uwan da ya zame wa Bello ƙarfen ƙafa, yayin da Sadiq Daba ya fito a Bitrus.

A nan gwanintarsa ta fito fili. Ba sai ya ɗaga murya ba. Harara ɗaya da ɗan murmushin mugunta sun isa mai kallo ya san akwai wata a ƙasa. Mutane suna jin haushin Gaga, amma in bai fito ba sai shirin ya yi lami. Ga shi Turanci a bakinsa kamar Hausa, abin da ba kowane ɗan wasan Arewa na zamanin ya samu ba.

Ya kuma taka rawa lokacin da aka mayar da Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam, wasan talabijin.

Ya rasu a Kaduna ranar Lahadi 3 ga Satumban 2017, ana cikin hidimar Babbar Sallah, bayan doguwar jinya, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa.